Rasuwar Kanar, Tantin da Kawaici Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hancin da har yanzu bai dawo daidai ba, iyalan marigayi Usta Zabih na Kazwin suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tantinsu, wanda aka fi sani da Kanar. Ya rasu a cikin but ɗin motar surukinmu, Aga Nosrat, a wata rana cikin wannan bazara da ba wanda zai iya faɗa. Gawa kawai muka tarar. Ya haura shekara arba'in a duniya.

Ni Keyvan, autan gidan, ni aka sa in rubuta wannan sanarwa. Mahaifiyarmu, Nana Gulnisa, ta ce in rubuta da ladabi. Ladabi ne ya kashe shi, don haka a yi mini uzuri in na ɗan rage.

An haifi marigayin a shagon mahaifinmu, a layin masu ɗinkin tamfol, daga ragowar rufin wata babbar mota. Launinsa na kakin soja ne. Rabin dalilin sunansa ke nan. Ɗaya rabin kuwa, in aka kafa shi ba ya rusuna wa iska, ba ya rusuna wa ruwa.

Ba don shaƙatawa aka ɗinka shi ba, kuma sai an san wannan za a san girman asarar. Nana 'yar kan dutse ce, daga makiyayan Talesh da ke hawa da shanunsu can sama da Asalem duk bazara, su sauko in sanyi ya kawo kai. Aure ya kawo ta birni. Yayarta, Hala Zarifa, tana can har yau. Bazarar farko bayan aure, Nana da Baba suka hau gaishe ta a matsayin baƙi. Maraƙi ɗaya Hala take da shi. Ta yanka. Ta ba su gadonta, ita ta kwanta a bakin ƙofa. Nana ta ci naman tana hawaye, domin ƙin ci cin fuska ne, kuma ta san abin da za a sayar a sayi garin hunturu shi take taunawa. A hanyar dawowa ta rantse ba za ta ƙara taka gidan 'yar'uwarta a baƙuwa ba.

Baba bai yi gardama ba. Ya zauna a kan keken ɗinki. Da bazara ta zagayo suka hau da Kanar a bayan alfadari, suka kafa shi jifa ɗaya daga ɗakin katakon Hala. Mai rufin kansa maƙwabci ne, maƙwabci kuwa ba a yanka masa ko zakara. A miƙo masa kwanon nono, ya mayar da kwanon da sukari a ciki, kowa ya kwana da mutuncinsa. Hala ta zagaya tantin, ta ja igiya, ta bugi gefensa da tafin hannu, ta yarda gida ne. Tun daga ranar, albarkacin wannan tamfol, mata biyun nan suke ganin juna duk shekara ba tare da ɗaya ta talauta ɗaya ba. Aikinsa ke nan, kuma bai taɓa fashi ba, har bayan da Baba ya riga mu gidan gaskiya.

A kan rufin mota yake tafiya, a ɗaure. A Manjil iska takan kai masa hari, igiyoyinsa su yi ta wani siririn kuka, wiii, har mu wuce. A Rudbar mu tsaya sayen zaitun. Bayan Rasht teku ya fito ta dama. A da mukan yi kwana ɗaya a bakin ruwa, lokacin da yashin wurin yake yashi, ba murafan kwalba ba. Da safe mu juya wa teku baya, mu shiga daji, mu yi ta hawa har kwalta ta ƙare. Daga nan sai ƙafa da alfadari, cikin taɓo da ganye, har bishiyoyi su ƙare su ma, mutum ya ga gajimare a ƙarƙashin takalminsa.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Turakunsa ƙwan, ƙwan suke cewa a ƙarƙashin guduma. Da asuba, in iskar dutse ta taso, yakan ce faf, faf, ya yi shiru, kamar dattijo yana gyaran murya. In ruwan saman yankin nan na Gilan ya sauko yakan yi ta tif-tif-tif a saman kawunanmu, kuma ɗigo ɗaya bai taɓa shigowa ba. Wata shekara guguwa ta ɗauke rufin garken wani makiyayi ta jefa cikin kwazazzabo. Da gari ya waye Kanar yana tsaye, Nana tana dafa shayi a cikinsa.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Nauyi gare shi kamar buhun siminti biyu. Warin hayaƙi da kakin zuma ba ya barinsa. Kafa shi sai mutum biyu da zagi kaɗan. A shekarun da na yi karatu a Norway na kwana a tantunan da ba su kai nauyin kaza ba, ba kuma wanda ya ciji mini yatsa kamar yadda sandar tsakiyar Kanar ta saba yi. Amma haƙƙi ɗaya kawai yake nema a wurinmu: kada a naɗe shi a jiƙe. Baba ya faɗa, Nana ta kiyaye. Duk shekara sai ta baza shi a rana, ta bi ɗinkinsa da kaki, kana a naɗe.

Ciwon ajali ya kama shi a tsakar gidanmu, wata Juma'a bayan cin abincin rana. An baza shi yana shan iska domin tafiyar bana. Aga Nosrat, mijin yayata Sudabe, dillalin gidaje ne, mutum mai tumbi da zaƙin baki. Ya fito da tsinken sakace a baki, ya tsaya a kan marigayin, ya kira ni da laƙabin da ya saba kirana.

“Kai, Injiniya, wannan tanti! Irinsa ya ƙare a duniya.”

A ƙasarmu kowa ya san tayin baki da ake yi in an yaba kayanka. Na faɗa. “Ba wani abu ba ne, Aga Nosrat. Naka ne.”

“Haba, ya dace da masu shi. Allah ya ji ƙan hannun da ya ɗinka.”

Ni a wurina magana ta ƙare. Nana ta zuba mini ido ta bayansa, irin idon da ake yi wa ɗan da ya manta tarbiyya a ƙasar ƙanƙara. Na sake tayi. Ya sake ƙi, yana shafa tamfol ɗin da ƙafa. Ya kuma ambata, kamar da iska yake magana, cewa jibi za su teku da yara, ɗakunan haya kuwa sun yi tsada bana. Ba wata surukuwa a ƙasar nan da za ta ji haka ta yi shiru.

“Ɗana, ku tafi da shi mana,” in ji Nana.

Jariri ma ya san wannan ba tayin karɓa ba ne. Murya ta nuna, fuska ta nuna, Sudabe ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Aga Nosrat ya ɗora hannu a ƙirji.

“Tunda Nana ta matsa, wane ni in karya maganar babba? Kwana biyu kawai.”

Ni da kaina na taya shi cusa Kanar a but. Ganinsa na ƙarshe ke nan da rai.

Abin da ya same shi a bakin teku mun gani a hotunan da Aga Nosrat ya riƙa turowa ta waya, yana murmushi a kowanne. Tantin da ya saba tsayawa a kan ciyawa sama da gajimare, an kafa shi a wajen ajiye motoci, tsakanin kwandon shara da banɗakin jama'a. Igiya ɗaya a jikin falwaya, ɗaya a ƙarfen bayan mota. Ya karkace kamar mashayi. A gefensa tsibin ledoji ne, ɓawon kankana, ƙunzugun yara da aka yar a buɗe, da wani baƙin ruwa da ke fitowa daga banɗakin yana neman hanyar teku ta ƙarƙashinsa. A wani hoton mazaje shida da ban sani ba suna zaune a ciki da singileti, suna shan shisha, garwashi a kan shimfiɗar da Nana take salla a kai. A wani an rataye kamfai a igiyarsa. Na nuna wa Nana hoto ɗaya. Ta ce yara sun ji daɗi, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar da za su taso ruwa ya sauko, kamar yadda yake saukowa a can ba sallama. Suka naɗe shi yana ɗiga.

Ko a nan da ya tsira. Da an sauke shi a daren ko washegari an baza, da yanzu yana kan dutse. Amma ba a sauke shi ba. Aga Nosrat ya ga bai kamata ya dawo da amanar surukuwa hannu rabbana ba, sai ya haɗa da kwalin kayan zaƙi, sai kuma ya sami ranar da zai zauna ya sha shayi. Ranar ba ta samu ba. Da aka kwana biyu, kunyar jinkirin ta hana shi zuwa. Kunyar kuwa kullum ƙaruwa take, jinkirin ma haka. Motar tana tsaye a rana, a bazarar Kazwin da ke narkar da kwalta.

Yakan yi waya, a ba shi haƙƙinsa.

“Nana, gobe in Allah ya so zan kawo miki amanarki.”

“Wace amana? Gaggawar me ake yi? Nan da can duk gida ɗaya ne.”

“Kin kunyata ni da alherinki.”

“Allah ya kunyata maƙiyinka. Ka gaida yara.”

Ta ajiye waya, ta fita tsakar gida ta tsaya inda ake baza shi, tana kallon ƙasa. Jakarta kuwa tun tuni a ɗaure take a bayan ƙofa: sukari, shayi, maganin ido na Hala, da safar ulu da ta saƙa mata.

Na ce, “Zan je in karɓo.”

“Ka je ka ce masa me?”

“In ce ya ba ni tantina.”

“Wato ka ce ba mu yarda da shi ba. Yayarka a gidansa take kwana, ba a gidanka ba. Zauna.”

“Nana, bazara tana tafiya.”

“Na fi ka sanin bazara. Zauna na ce.”

Na zauna. Mako ya bi mako. Sudabe ta faɗa mini a waya, da ƙaramar murya, cewa motarsu ta fara wani irin wari, mijinta yana zargin ɓera ya mutu a inji. Ya rataya turaren mota guda uku. Yana tuƙi da gilasai a sauke. But ɗin ne kawai bai buɗe ba, domin in ya buɗe zai ga abin kunyarsa.

Sai saƙo ya zo daga dutse. Jikan Hala ya hau kan wani falalen da waya ke kamawa, ya kira. Ya ce sanyi ya yi sammako bana, ba za a daɗe ba za a sauko da shanu. Ya ce Hala ta sa an yanke ciyawar wurin tanti tun farkon bazara, ciyawar ta sake fitowa, ta sa an sake yankewa. Kullum da yamma takan zauna a bakin ƙofa ta fuskanci wurin, ko da yake idonta ba ya rarrabe mutum da kututture. Ta kusa casa'in. Nana ma likita ya gaya mata zuciyarta za ta iya hawan bana, na baɗi kuwa bai ce komai ba.

Ban nemi izini ba. Na tafi gidan Aga Nosrat. Ya rungume ni. Sai da na sha shayi, sai da na ci kokwamba da inabi, sai da na ji labarin wani gida mai hawa uku da ya kusa sayarwa, kana ya ɗauko makulli muka sauka wurin motar.

Ina roƙon masu raunin ciki su tsallake abin da ke biye.

Da murfin ya ɗaga, ƙudaje ne suka fara fitowa, manya, masu sheƙi, a ƙoshe. Warin ya biyo su. Ba wari ne da ake shaƙa ba, wari ne da ake taunawa. Wata mata da ke shanya a bene na biyu ta ja tagarta ta rufe. Kanar yana kwance a naɗe, ya kumbura. Funfuna ta rufe shi, baƙa da kore da wata fara mai gashi kamar gemun tsoho. Wani ruwa mai yauƙi ya taru a ƙarƙashinsa. Na kama gefe ɗaya in ɗaga, tamfol ɗin da guguwa ta kasa yagawa ya rabu a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar gurasa. Ko ƙara bai yi ba. A cikin naɗin, tsutsotsi suna ta hidimarsu a kan wasu ƙayoyi biyu dogaye, masu kawuna.

Aga Nosrat ya dafe goshi. “Kash! Kifin!”

“Wane kifi?”

“Maƙwabcinmu na bakin teku, mutumin kirki, ɗan Hamadan. Shi ya kama da ƙugiya, ya kawo mana za mu taso. Na ƙi, na ƙi, ya rantse da ran 'ya'yansa. Ya zan yi? Sai na sa a cikin tantin, tunda a jiƙe yake, don kada ya lalace.”

“Don kada ya lalace.”

“Wallahi niyyata Nana zan kawo wa ɗaya.” Ya toshe hanci da hankici, ya leƙa. “Injiniya, ka san kayan da. A ɗan shanya shi, zai dawo.”

“Wanne? Kifin ko tantin?”

“Haba, kai kullum da zafi. Wannan Turai ta ɓata ka.”

Akwai kuma rabin kankana a ciki, da safa ƙafa ɗaya. Ban tambayi tarihinsu ba.

Duk da haka mun kai shi asibiti, kada a ce ba a yi ƙoƙari ba. Usta Yadolla, wanda ya koyi ɗinki a hannun Baba, ya hango mu tun daga nesa ya ce a ajiye a waje. Ya fito, ya danna yatsa ɗaya, yatsan ya wuce. Ya goge a wandonsa, ya yi nadamar gogewar.

“Allura tana son abin kamawa,” ya ce. “Nan babu. Allah ya ba ku haƙuri.”

Na tambaye shi ko zai ɗinka sabo. Ya ce zai ɗinka, amma tamfol mai wannan kauri sai an aika an kawo, kafin ya gama kuwa shanu sun daɗe da sauka.

Marigayin ya rasu ya bar sandunan tsakiya guda biyu, suna cikin ƙoshin lafiya bayan wanka da toka. Ya bar rabin turakunsa. Sauran suna can a kafe a wajen ajiye motoci, in ba su riga sun fasa tayar wani ba. Ya bar fitilar ƙwai da tukunyar shayi mai gawayi, waɗanda Allah ya tsare domin ba a yabe su a ranar ba. Gudumarsa ba ta cikin magada. Aga Nosrat ya ba ɗan Hamadan ita, tukuicin kifi. Shimfiɗar ƙasa ta riga shi tafiya da ƙunar garwashi. Ya kuma bar tsofaffi biyu, ɗaya a Kazwin, ɗaya a kan dutse, da hanyar yini guda a tsakaninsu wadda shi kaɗai ya san yadda ake ƙetare ta.

Washegari Aga Nosrat ya aiko da magaji. Tantin leda ne ruwan lemo, irin wanda ake jefawa sama ya buɗe da kansa. Na kwance shi a tsakar gida, ya yi tsalle ya kifar da tukunyar furen Nana. Ta kira shi ta yi godiya, ta ce ya wahalar da kansa, ta ce bai kamata ba. Da ta ajiye waya ta taɓa ledar da yatsa biyu.

“In Zarifa ta taɓa wannan, kafin in cire takalmi ta sa wuƙa a wuyan saniyarta. Ka ɗauka za ta bar ni in kwana a cikin buhu?”

“To mu je mu yini, mu sauko kafin duhu.”

“Baƙon yini ma ana yanka masa.”

“In kira jikanta in ce kada a yanka.”

“Ka ce wa Zarifa kada ta yanka? Sai ta yanka biyu, in ta samu.” Ta janyo jakarta daga bayan ƙofa, ta fara kwancewa. “Saniya ɗaya ta rage mata. Ba zan ci ta ba. Ba zan je ba.”

Ta mayar da sukarin ma'aji. Maganin idon ta ajiye a kan taga. Kwanakin da suka biyo baya shayi kawai take sha, ta ce zafi ne ya hana ta ci.

A cikin wannan hali Aga Nosrat ya zo ban haƙuri da kansa, Sudabe a bayansa. Ga kwalin kayan zaƙin nan, ya iso a ƙarshe. Ya zauna kusa da ƙofa, wurin masu laifi, Nana ta ce ya matso sama, ya ƙi, ta matsa, ya matso. Aka zuba shayi. Ya ɗauki kofi, ya soma.

“Nana, fuskata ta yi baƙi a gabanki. Da ma ni ne na ruɓe a but ɗin nan ba shi ba. Ni bawanki ne, ƙurar takalminki. Ki umarce ni kawai. Wallahi ko cewa kika yi in goya shi a bayana in kai shi kan dutsen in binne, in yanka rago a kansa, zan yi.”

Wannan magana amsarta sananniya ce: Allah ya kiyaye, ranka ya fi tanti, ya wuce. Dukkanmu muka jira ta. Nana tana kallonsa, ƙwayar sukari a tsakanin yatsunta.

“To,” ta ce.

Aga Nosrat ya yi murmushi, yana jiran sauran.

“Ranar Alhamis. Ragon ya zama mai ƙiba.”

Kofin ya tsaya tsakanin faranti da bakinsa. Sudabe ta matso. “Nana, ai magana ce ya yi.”

“Na ji ta. Na karɓa.”

“Amma Nana, bayansa... likita ya ce...”

“Ni ma likita ya ce.” Ta jefa sukarin a baki, ta kurɓi shayi. “Sha mana, ɗana, zai huce.”

Bayan sun tafi ta ci abinci, faranti guda, har da ƙanzo. Kana ta kira ni.

“Wanda aka yi wa mutuwa, shi ke ciyar da mutane ko su ke ciyar da shi?”

“Shi ke ciyarwa.”

“To ni aka yi wa. Ragona, shinkafata, tukunyata. Zarifa ta'aziyya za ta zo, ci za ta yi. Ba a yanka wa mai makoki.”

“Kwana fa?”

“Mai makoki ba baƙo ba ne. Inda aka ajiye shi nan yake kwana. Gadon nan ya ishe mu, duk mun ƙanƙance.” Ta nuna ni da cokali. “Ka rubuta sanarwa, a aika ko'ina, har dutse. In ba a sanar ba, ba makoki ba ne.”

Na ce mata tanti ne, mutane za su yi dariya. Ta ce su yi, in sun gama su zo su ci. Jikan Hala ya sake hawa falalen nan ya kawo amsa. Da Hala ta ji, ta ce wanda ya yi shekara arba'in yana maƙwabtaka da ita bai taɓa ɗaga mata murya ba ya cancanci a zauna masa. Ta ce za ta tuƙa halwa, alewar gari da mai da ake rabawa a makoki. Nana ta ce a gaya mata garin da man daga nan za a kawo. An yi ta kai da komo a kan wannan. An tsaya a kan Hala ta ba da itace.

Saboda haka, ga yadda jana'iza za ta kasance.

Za a tashi daga Kazwin ranar Alhamis bayan sallar asuba. Gawa za ta tafi a motar Aga Nosrat, inda ta saba, shi kaɗai da ita da ragon. Sauran masu rakiya su shiga tawa. Ba za a tsaya a bakin teku ba. A inda kwalta ta ƙare, mai alfadari zai ɗauki Nana da buhun shinkafa. An yi masa bayanin ɗaya kayan ta waya, ya ce dabbarsa tana da mutunci. Don haka Aga Nosrat zai cika alƙawarinsa da bayansa. An tanadi leda mai kauri da igiya. Ana roƙon jama'a su bar shi ya yi gaba ko ya yi baya, gwargwadon inda iska ta nufa.

Ba za a yi salla ba, tanti ne. Za a binne shi a gangaren da ke ƙasa da garke, rami mai zurfi saboda karnuka. Sandunansa biyu za su tsaya a wurin da aka yanke wa ciyawa, a ɗora musu tukunya. Shinkafa da naman rago bayan azahar. Ba kifi.

Mai zuwa ya zo da takalmin taɓo da rigar sanyi. Ya sauka kafin duhu, ya kuma sauka da shararsa a hannu. Kada a kawo fure, kada a kawo tanti. Duk wanda ya ga dama ya yi wa iyalan mamaci wani tayi, ya sani tun yanzu cewa a gidan nan an daina jiran na biyu.

Nana Gulnisa za ta karɓi gaisuwa a ɗakin yayarta, Hala Zarifa, daga ranar Alhamis har zuwa lokacin da za a sauko da shanu. Ba ta faɗi ranar da zan koma ɗauko ta ba, ni kuma ban tambaya ba.

Keyvan, ɗan Usta Zabih,
a madadin iyali.